Gyaran Muryar Mutala Ladan

Duk unguwar Maamobi babu wanda bai san gyaran muryar Mutala ba. Tela ne, kuma ladanin masallacin layinsu, aikin da ya gada wurin mahaifinsa. Kafin ya ce "Allahu Akbar" sai ya yi wani "ehem-hem" a lasifika, mata su ajiye ludayi su nemi buta.

To, ashe bawan Allah yana da wani ƙaiƙayin: wasan kwaikwayo. Da samarin unguwar Nima suka shirya wasan barkwanci a wani zaure a Kanda, shi suka sa ya fito a matsayin Alhaji mai kuɗi da ke neman auren mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Ya cusa matashin kai cikin riga ya yi tumbi, ya manna gemun auduga, ya toshe ido da baƙin tabarau. Wa zai gane shi? Ya yi wasa kuwa, har mai ɗaukar bidiyo hannunsa na rawa don dariya. Amma da ya durƙusa zai furta soyayya, makirufo a baki, sai hali ya yi halinsa.

"Ehem-hem."

 Can wani ya kwarma ihu: "Chale, abokina, ladan ne!"

Kafin Juma'a bidiyon ya shiga kowace waya. Liman Husseini ya kira shi zauren gidansa, fuska ba annuri.

"Mutala, ban ce ka yi haram ba. Amma ranar da aka yi wa kiran salla dariya, ranar za ka ajiye makirufon ubanka."

"Na ji, Baba Liman."

La'asar ta yi. Samari sun cika bakin masallaci, wayoyi a sama, jira kawai suke. Tsoro ya kama Mutala, gumi har cikin ido. Maƙogwaro ya shiga yi masa susa, abin ya taso, ya kai bakin leɓe. Ya danne, ya haɗiye, ya ɗaga murya haka nan. Ta fito a shaƙe, da ƙyar ya kai ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya.

Yana fitowa ya tarar da Hajiya Samiratu, makauniyar da ke maƙwabtaka da masallacin, zaune a ƙofar gida, butarta cike ba ta taɓa ba.

"Ɗan nan," ta ce, "wane baƙo ne ya yi kira yau? Ina Mutala, ko ba shi da lafiya?"