Takalmin Baba, Takun Kawu

Har yau in na buɗe robar man kaɗanya, takalmi ne ke fara faɗo mini a rai. Wasu in sun ji wannan ƙamshi gida suke tunawa da kakanni, ni kuwa sai in ga kaina a durƙushe a bakin ƙofar gidanmu na Balsall Heath, da tsumma a hannu, ina shafa wa takalmin Baba man da aka ɗauko tun daga Zangon Kumasi domin fatar 'yan Adam. Umma ta yi mita har ta gaji. Mu 'ya'yanta muna yawo ƙafafu furu-furu a cikin sanyin Birmingham, takalmi kuwa yana ta sheƙi a bayan ƙofa.

Bari in kwatanta maka shi, tunda na fi sanin sa a kan fuskokin wasu dangina. Takalmin fata ne mai dogon wuya, ruwan ƙasa mai duhu, ƙirar Ingila. An ɗinke samansa da ƙasansa da zare mai kauri, yadda in ƙasan ya cinye sai mai gyara ya farke ya ɗinka wani. Nauyinsa kuwa, in ka jefi kare da shi sai ka nemi gafarar Allah. Da shi Baba yake zuwa aiki a kasuwar sarin kayan lambu, inda yake sauke akwatuna tun da asuba a kan jiƙaƙƙen siminti.

Kawu, ƙanin Umma, a Manchester yake, cikin ɗaki ɗaya a saman wani tsohon gida da aka yayyanka a Whalley Range. Aikinsa raba wasiƙu gida-gida. Shi ma nasa takalmin ƙirar Ingila ne, amma baƙi, mai ƙasan roba mai taushi wanda aka manne da zafi. Ba nauyi, ba takura. Aibinsa ɗaya: in ya shekara biyu ko uku sai ƙasan ya tsage, ba kuma a gyarawa, sai dai a jefar a sayi wani.

Kowa ya san miji da ƙanin matarsa abokan wasa ne. Amma wasan waɗannan biyun ba shi da wani fage sai takalmi. Ranar Sallah takalmi, ranar suna takalmi, ko gaisuwar mutuwa aka je, a hanyar dawowa takalmi. Da Kawu ya yi sallama, kafin a ba shi ruwa, Baba ya leƙa bakin ƙofa.

"Ka sake sabo ke nan? Araha ba ta ado, yaro."

"Yaya, ni fa yini nake ina taka titi. Wannan bulo naka in na yi shift ɗaya da shi, sai likitana, GP, ya gan ni kafin weekend."

Daga nan sai a shimfiɗa jarida a tsakar falo, a jera takalman kamar ragunan layya. A lanƙwasa wannan, a ƙwanƙwasa wancan, a ɗauko buta a ɗiga musu ruwa a ga wanda zai sha da wanda zai tirje. Tuwo yana hucewa, Umma tana tsaki a kicin, mu kuma an tsare mu a matsayin alƙalai. In ka ce na Baba, Kawu ya hana ka alewar da ya zo da ita. In ka ce na Kawu, to ka san a gidan wa za ka kwana.

Ina shekara goma sha ɗaya, a tsakiyar lokacin sanyi, aka bugo waya cewa mahaifiyar Baba ta rasu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kira na sai da Uwata. Ya shirya tafiya Kumasi, zai zauna har a yi sadakar arba'in. Takalmin, wanda a lokacin bai fi shekara biyu ba, ya yi wa zafin can nauyi, don haka ya bar shi. Da zai fita ya dafa kaina ya ce, "Uwata, ga amana. Duk Juma'a ki shafa masa mai kaɗan, kada ki cika."

Da na tsaya a kan abin da aka ce mini, da yanzu ba ni da labarin ba ka. Amma akwai wani farin zane a gefen takalmin, na gishirin da ake watsawa a titi in ƙanƙara ta zuba, ya kuma tsaya mini a rai. Ina so Baba ya dawo daga makokin uwarsa ya tarar da abin da zai sa shi murmushi. Sai na tara ruwan zafi a baho, na zuba garin sabulu, na dirje takalmin ciki da waje da buroshin wanki. Na ga ya jiƙe sharkaf, na jingina shi a gaban hitar gas ta falo, na ƙure wuta, na ɗauki jakata na tafi Islamiyya ina jin kaina wata gwana.

Ƙauri ne ya tare ni a ƙofa da na dawo. Fatar ta ƙanƙance ta tsattsage, bakin takalmin ya ɗaga sama kamar gandar da aka babbake. Garin neman gira na rasa ido. Umma, wadda ta dawo daga unguwa ta kashe hitar, tana zaune a kujera ta zuba tagumi. Ba ta doke ni ba, wallahi da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Baba ba mai duka ba ne shi ma. Abin da nake tsoro shi ne ya dube ni, ni mai sunan uwarsa, ya ga ban iya riƙe ko takalmi ba.

Umma ta kira ƙaninta a waya. Ranar Asabar sai ga Kawu ya sauko daga motar Manchester. Na tabbata dariya zai yi har ya faɗi, domin ga nasara ta zo masa har gida. Ya ɗauki gawar takalmin ya jujjuya, ya dubi lambar da ke ciki, ya dube ni ina ta sharar hawaye.

"Size ɗinmu ɗaya da shi," ya ce wa Umma. Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma share fuskarki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kin ji ko?"

Ya sa shi a leda ya tafi da shi. Sauran labarin daga bakin Umma na ji, a hankali, cikin shekaru. Kawu ya bi shagunan Manchester har ya samo irinsa sak. Amma sabon takalmi ba ya ɓoyuwa, sai an hora shi. Saboda haka mutumin nan da ya sha rantsuwa ba zai taɓa sa bulo a ƙafarsa ba, ya ajiye nasa mai taushi, ya ɗaura wannan, ya yi mako biyar yana raba wasiƙu da shi a cikin ruwa da ƙanƙara. Dunduniyarsa ta yi bororo, bororon ya fashe, safa ta riƙa mannewa da jini, kullum in ya dawo sai ya tsoma ƙafa a ruwan gishiri. Ya zare tsohuwar igiyar ya zura a sabon. Akwai wani ƙarzane da akwati ya taɓa yi wa na Baba a kan babban yatsa, shi ma Kawu ya sa ƙusa ya kwaikwaya. Saura kwana biyu Baba ya dawo ya kawo shi, yana ɗingishi, ya ce wa Umma wai tsani ya zame da shi.

Baba ya dawo a rame. Washegari da zai fita aiki na laɓe a kan matakala. Ya zauna ya zura ƙafa, ya ɗaure igiya, ya miƙe. Ya yi taku biyu a soro ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago, ya hango ni ta tsakanin katakon matakalar, ya ce, "Uwata, kin riƙe amana." Ya buɗe ƙofa ya fita.

Kana tsammanin daga nan na huta? Ina! Daga nan ne ma bala'in ya fara. Cika bakin Baba ya ninku. Duk Sallah sai ya ɗaga takalmin a gaban Kawu yana lissafa shekarunsa tun daga ranar da ya sayi na farkon, yana cewa ko sau ɗaya bai taɓa ba shi kunya ba. Kawu sai ya sosa ƙeya, ya saci kallona, ya ce, "To Yaya, Allah ya ƙara masa nisan kwana," sannan ya koma kare robarsa kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa in tsere kicin, abinci ya ƙi shiga. Na gama makaranta a haka, na yi aure na koma unguwar Erdington, nan cikin Birmingham, a haka, na haifi 'ya'ya uku a haka. An sake wa takalmin ƙasa har na daina ƙirgawa, na Kawu kuwa sun zo sun wuce, maganar tana nan inda take.

Bara ciwo ya kwantar da Kawu a asibiti a Manchester. Baba lokacin ya daɗe da barin aiki, ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu, likita ya ce kada ya ƙara sa takalmi mai tauri. Amma ranar da zan kai shi dubiya sai na same shi yana cusa ƙafa a cikin wannan takalmi yana nishi. Na yi magana, ya yi kamar da bango nake. Muna shiga ɗakin, ga Kawu kwance ya zama ƙashi da fata, abin numfashi a hancinsa, sai Baba ya ɗaga ƙafa ya ɗora a ƙarfen gado.

"Ka gan shi? Yana nan daram. Ina naka?"

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan fasa ƙwan kowa ya huta. Kawu, wanda kafaɗunsa ke rawa saboda dariya, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo ya kaɗa mini. Na haɗiye. Kawu bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Baba da wannan takalmi ya je maƙabarta. Bayan an yi sadakar uku mun dawo Birmingham, na leƙa gida da rana na same shi zaune a bakin ƙofa, ya shimfiɗa jarida, yana kankare busasshiyar laka daga takalmin da tsinke, robar man kaɗanya a gefensa. Ban san lokacin da maganar ta ɓalle mini ba. Na faɗa masa komai a tsaye, da baho da hita da bororo da ƙusa, ina kuka ina faɗa, har na ce masa ya kusa shekara talatin yana yi wa mutum gori da takalmin da mutumin ya saya ya hora da jininsa.

Bai ko ɗago kai ba. "Kawunki gefen ƙafarsa ta hagu yake takawa, kamar agwagwa," ya ce. "Taku biyu na yi na sani. Wata uku ƙafata tana ciwo kafin mu saba."

"Baba! Ka sani, ka yi shiru?"

"Mutum ya zubar da jininsa don ya rufa wa 'yata asiri, ni ne zan tona?"

"To tsokanar fa? Har a gadon asibiti?"

"Jira nake ya fashe. Duk Sallah sai in ce yau kam zai faɗa." Ya ajiye tsinken, ya daɗe yana shafa wannan ƙarzane na ƙusa da babban yatsansa. "Bai faɗa ba, Uwata. Ya ci ni."

Na tambaye shi ko Kawu ya san ya sani. Ya ce bai tambaye shi ba, shi ma Kawu bai tambaye shi ba. Ka ji fa. Tsofaffi biyu suna wasansu suna jin daɗi, ni ce kaɗai na girma da dutse a ƙirji. Har yanzu in na tuna sai in ji haushi ya taso mini, sai kuma in rasa wanda zan huce a kansa, ɗaya yana kabari, ɗayan kuma ba ya iya hawa matakala sai an riƙe shi.

Yanzu Baba silifas mai laushi yake sawa, takalmin kuma ya dawo bayan ƙofata a Erdington. 'Ya'yana ta waya suke sayen nasu, a kawo a kwali, kafin shekara ta zagayo sun yage an jefa a shara, ba wanda ya san mai gyara balle man shafawa. In ka tambaye ni wanne ya fi tsakanin mai ɗinki da mai manni, zan ce maka mai ɗinki ya fi daɗewa, mai manni ya fi tausayin ƙafa, kada kuma ka kusantar da ko ɗaya ga wuta. Iyakar abin da na sani ke nan.

Kwanan baya babban ɗana, wanda ƙafarsa ta kai ta kakansa, ya zura takalmin don wasa. Ya yi taku biyu a soro ya tsaya, ya dubi ƙasa.

"Mum, why's the left one wonky?"

Wai me ya sa na hagun ya karkace. Na ce masa ya cire kafin in saɓa masa, ya kuma miƙo mini tsumma da robar man, tunda yau Juma'a ce.