Baba Kwali, Wanda Ya Zauna a Bakin Katanga

Kafin mai kyamara ya gama kurɓar shayi, Baba Kwali ya riga ya hau rufi. Guduma a ƙugu, tsintsiya a hannu. Yakan bi katanga yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne kamar mai sayen tukunya. Ƙusar da ta ɗago kai ya danne ta. Sannan ya sauko ya jera kwalaye hawa uku a inda mai tsalle zai faɗo, daga nan sunan ya bi shi. Shekara ashirin da shida ke nan.

Yanzu kowane fim na faɗa sai ka ga jarumi yana gudu a kan rufi, ya dira daga bene zuwa bene, ya taka bango kamar ƙadangare. 'Yan kallo su yi ta ihu. To, jarumin yana mota yana shan iska. Ƙanina ake sa wa rigarsa ya yi tsallen, ga mata ga 'ya'ya biyu a gida. Ni ke tuƙa motar kayan aiki, da idona nake gani.

Bara aka zo ɗaukar tsalle tsakanin benaye biyu, bayan an kwana uku ana ruwa. Baba ya ƙwanƙwasa katangar da ƙafa za ta sauka a kai, ya girgiza kai.

"Simintin nan ya sha ruwa. A bari sai na ɗaure shi da katako."

Darakta ya ce, "Baba, rana za ta faɗi. Kai kafinta ne ko mai duba?"

Ƙanina, da yake jininsa na tafasa, ya ce, "Baba, zan iya."

"Na san za ka iya, ɗana. Katangar ce ba za ta iya ba."

Aka ce a kunna kyamara. Sai tsohon nan ya zauna daidai wurin, ya miƙe ƙafa, ya ciro lanƙwasassun ƙusoshi yana miƙarwa. Ya ce, "Ku ɗauka, in kuna son tsoho a fim ɗinku." Aka yi lallashi, aka yi zagi, ko gezau. Rana ta faɗi, aka sallame shi.

Gaskiya ɗaya ce: katangar nan tana tsaye har yau, kuma darakta yakan nuna ta yana dariya. Ban san ko da za ta ɓalle ba. Baba ma bai ce ya sani ba. Cewa ya yi ba zai gwada da ƙashin bayan ɗan mutane ba. Da aka sallame shi, masu tsalle su bakwai suka cire takalma, suka ce ba mai ɗaga ƙafa sai an dawo da shi. A kwana na huɗu aka aike ni na ɗauko shi.

Baba, kai ne bangon da ba a gani a hoto. Ba a tafa wa mutum don hatsarin da bai faru ba, shi ya sa ba wanda ya san ka. Wannan watan ka ajiye aiki, gwiwa ta ƙi tsani. Na gode. Matar ƙanina ta gode, domin kullum da ƙafarsa yake shigo mata gida.

Ku kuma da kuka rage, masu tsalle da kafintoci da mu direbobi, ba zan yi muku wa'azi ba. Gobe wani zai ce rana za ta faɗi, a yi sauri. Ranar nan ba Baba. Ɗaya daga cikinmu ne zai zauna, ko da za a kore shi. In kowa ya noƙe, ni zan hau in zauna.