Kujerar Mai Duba Lokaci

Shekara goma sha tara Malam Datti yana gyaran agogo a kasuwar Rano, amma ba gyaran ne ya fito da shi ba. Agogon hannunsa ne, tsohon ƙarfe da ake yi wa wani, wato a murɗa shi, kowace safiya, mai maɓallai biyu a gefe. Ka danna na sama dogon tsinkensa ya fara ƙirga sakan, ka sake dannawa ya tsaya cak. Albarkacinsa ne duk shekara, idan Islamiyyun Rano da Kibiya suka haɗu musabaƙar Alƙur'ani, ake ajiye wa Datti kujera kusa da alƙalai. Kowane mai karatu minti bakwai ne. Datti zai danna, in lokaci ya cika ya ɗaga hannu, yana ta cin magani sai ka ce shi ya ƙirƙiro lokacin.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Alhaji Abdulganiyyu, wani mai hatsi a Kibiya, ya dawo daga Makka da sabon samfurin agogon nan. Fuska iri ɗaya, maɓallai iri ɗaya, sai dai wannan yana walƙiya kuma ba a yi masa wani, motsin hannun mai shi ke tafiyar da shi. Kwamiti bai yi wata-wata ba ya ce bana Alhaji ne zai duba lokaci.

Hassada ta ci Datti, har tuwo ya daina yi masa daɗi. Ana saura mako guda a yi musabaƙa Alhaji ya zo rumfarsa da zuciya ɗaya, yana tambayar yadda ake kula da abin. Datti ya juya agogon a tafin hannu, ya ji yadda yake bugawa lafiya lau. Ya san sarai in aka ajiye shi kwana biyu mutuwa zai yi.

"Alhaji, irin wannan tsarabar ai ba ta yawon kasuwa ba ce," in ji shi. "Mayar da shi akwatinsa, sai ranar."

Alhaji ya yi godiya, ya kulle shi a durowa.

Ranar musabaƙa a Kibiya aka tarar agogon ya tsaya. Alhaji ya girgiza shi har ya fara tafiya, sannan ya ajiye shi a tebur. Agogon ya kai masu karatu uku lafiya. Ta huɗu Rukayya ce, 'yar Datti ta fari, wadda ta shekara tana tilawa saboda wannan rana. Ta yi karatu ba tuntuɓe ko ɗaya, ta yi nisa ba wanda ya tsayar da ita, sai wani alƙali ya leƙa ya ga tsinken ya daskare a minti huɗu. Aka ce doka doka ce, sai ta sake daga farko, kuma a kira Malam Datti ya kawo nasa.

Haka Datti ya koma kujerarsa, ya danna. Muryar yarinyar ta riga ta dishe, ta rikice a aya biyu, ta tsaya tana lalube. Minti bakwai na cika, babanta ya ɗaga hannu.

A hanyar komawa Rano tana bayansa a kan babur har suka hango gari. Sannan ta share ido da gefen hijabi.

"Baba, da tun farko naka aka sa, da na ci. Naka bai taɓa cutar kowa ba."