'Yar Tsaga a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Duk shekarun da na yi a ɗakin bincike, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Dokta ta tuhume ni a kan wata 'yar tsaga.

Bayan yaƙin basasa mun koma unguwarmu ta Abakpa Nike, kuɗin mai ya shigo, makarantar likitoci ta sayo na'urori. Aka ɗauke ni ƙaramin ma'aikaci ƙarƙashin wata likita 'yar Onica. Tambayarta ɗaya ce: jijiyoyin da ke kai wani sinadarin saƙo gindin ƙwaƙwalwar ɓera ta gaba, daga ina suke tasowa? Takan yi allurar rini a gefen dama, rinin ya bi jijiya har tushenta. Ni kuma in daskarar da ƙwaƙwalwar, in yayyanka ta kamar ɓawon albasa, in zuba a ruwan magani.

Bayan wata shida rinin ya fito sarai can wajen ƙeya, amma Dokta ta dafe kai. Yankan kan kife a ruwa, hagu da dama kuwa kamarsu ɗaya. Daga gefen allurar jijiyoyin suke, ko tsallakowa suka yi? In ba a gane ba, aikin ya tashi a banza.

Tana sake leƙa madubin ƙara girma sai ta ga 'yar tsaga a gefen yankan, ta ce, "Sale, wetin be dis? Wa ya ɓantare mini nama?"

Na ce, "Ni ne, Madam. Babana mahauci ne. A rumfarmu ba ma raba sa sai mun tsaga ɓarin hagu. Hannuna ne ya saba."

"Kowace ƙwaƙwalwa ka tsaga?"

"Kowacce."

"Kullum hagu?"

"Ko a mafarki ba na tsaga dama."

Wallahi matar nan da ba a ganin haƙorinta sai ga ta tana rawa! Muka jera yankan, tsaga na kallon hagu. Yawancin jijiyoyin daga gefen allurar suke. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ran Asabar ta je kasuwa yi wa Baba godiya. Ya ce, "Madam, shekara goma ina koya masa fawa, ashe a ɓera zai ƙare!"

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in an ce wa ya yi, ku ce ni ne. Da na yi shiru ranar nan, da kwandon shara aikin ya tafi.