Saƙon Inna da Ban Isar Ba

Yau Talata, sha biyu ga watan Maris. Na tashi ƙirjina da sauƙi, amma gwiwoyi sun ƙi, a zaune na yi sallar asuba. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutun.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, tara ga wata, da hantsi, 'yarka ta fari ta bugo waya ta ce ka cika, Saura-Kwata. Ta ce, "Baba, bai sha wahala ba." Ban samu jana'izarka ba, likita ya hana ni doguwar tafiya. Ta yi alkawarin za ta biyo ta nan yau. Ina da saƙon da zan ba ta. Naka ne, shekara hamsin da huɗu yana hannuna.

Jikokinka ba su san inda ka samo sunan nan ba. A ɗakinmu na hawa na huɗu ne, a ƙasar da aka tura mu karatu, kai aikin ruwa, ni harhaɗa magunguna. Gado biyu, tebur ɗaya, risho ɗaya, da tagar da muke ajiye madara a bayanta, don sanyin waje ya isa. Kullum da safe sai ka yaye min bargo: "Tashi, malalaci, bakwai saura kwata!" In duba agogo in ga ko shida ba ta yi ba. Kai ka rubuta min sunayen tashoshin jirgi a bayan ambulan, da ka gaji da wuce tamu da nake yi. Kai kake tarar mai gidan haya in ta hau faɗa a kan ruwan zafi, kana murmushi kana gyaɗa kai, alhali rabin maganarta ba ka ji.

A hunturunmu na biyu ciwon huhu ya kwantar da ni. Wata uku ina asibiti, ko cokali ba na iya riƙewa. Ba ciwon ya fi damuna ba, Inna ce. Ni kaɗai gare ta, kuma duk mako biyu take jiran wasiƙata, tela maƙwabcinmu ya karanta mata. Ka ce in bar maka. Ka zauna da tsofaffin takarduna har ka iya hannuna, ka aika mata wasiƙa shida da sunana. Da aka sallamo ni ka yi ta taƙama: "Ko kai ba za ka bambance ba!" Har muka tsufa, in mun haɗu sai ka tayar da zancen, ka yi dariya har da share hawaye.

To, ga abin da ba ka sani ba. Ranar da na koma gida, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, Inna ta buɗe akwatinta ta fito da wasiƙun nan shida, a ware, an ɗaure da zare. Ta ce, "Wane ne wannan?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Rufe min baki. Kai tun da ka tafi ka taɓa tambayar ƙafata? Daga 'ina lafiya' sai 'karatu da wuya'. Shi wannan sai ya tambayi ƙafa, ya tambayi kaji, har rufin da ke yoyo. Na san ba lafiya ba. Amma na ce tunda akwai mai irin wannan zuciya a kusa da kai, ba a yashe kake ba, sai hankalina ya kwanta. Ka ce masa na gode. Ka ce Allah Ya ba shi masu jin ƙansa."

Ashe duk hirar gida da nake maka a kan risho, riƙewa kake.

Ban isar ba. Da farko kunya ce, a ce bare ya fi ni sanin ciwon uwata. Daga baya na ga yadda kake jin daɗin dabararka ta ci, na ce bari sai wata rana. Inna ta rasu. Matata ta rasu, ka zo ka yi kwana uku kana tashina da saura kwatarka, nan ma na yi shiru. Ka yafe ni. Amma addu'ar ba ta jira ni ba, na ji yadda 'ya'yanka suka yi jinyarka.

Na gode, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa yadda ka kwantar da hankalin wata tsohuwa da ba ka taɓa gani ba, kai ma a kwantar da naka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa.

Na sa wasiƙun a ambulan na rubuta adireshin 'yarka. Gobe mai kawo min magani zai kai gidan waya, da wannan takardar a sama, don na daina cewa wata rana. Tun azahar na jawo kujera kusa da ƙofa, shayin da na dafa mata ya huce. Ga shi an kira magariba, ba ta zo ba.