Ƙwai da cuku a kan garwashi

A shekarun sittin, muna zaune a unguwar Tandabawi a Makka, matata ta tashi daga zazzaɓi ta daina cin abinci. Tuwo ma in ta gani sai ta kau da kai. Na tsorata ƙwarai.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta zo Makka ta hanyar Sudan, ta faɗa mini wani abinci mai taushi. Na rubuta da ajami a bayan takardar shayi: a shimfiɗa ƙullun fulawa a faranti, a kaɗa ƙwai da madara, a zuba farin cuku da busasshen naman layya, a rufe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Ban taɓa girki ba, amma na yi bismilla na bi rubutun daki-daki. Abu ɗaya tsohuwar ba ta faɗa ba, domin a nan kowa ya san shi: cukun Makka cikin ruwan gishiri yake kwana, sai an jiƙa shi a ruwan daɗi gishirin ya fita. Ni kuwa cukun Agadas na sani. Har na ƙara gishiri da hannuna.

Matata ta ɗanɗana, ta runtse ido.

"Malam, tekun Jidda ka dafa mini?"

Ta yi dariya har da tari. Ta sha zamzam kofi guda, ta sake gutsura, ta sake sha. Ina zaune ina ta hamdala a zuci har ta cinye rabin farantin.