Tsoho Mai Soson Teku

A ƙofar kasuwa, kusa da mai sayar da soson roba, wani tsoho yana zaune. Ƙirjinsa faffaɗa ne, amma numfashinsa sai ka ce ana jan zarto. Kunnensa na hagu a toshe yake da auduga. Ina jin nutso ne ya fasa shi, don soson teku yake sayarwa, kuma bai yi kama da mai sari ba.

Ya jera su iri-iri: masu manyan huji kamar saƙar zuma daban, masu laushi na wankan jarirai daban.

Wata mata ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa. "Baba, wace bishiya ke haifar wannan?"

Sai da ta maimaita ya ji. "Dabba ce, 'yata. Ba baki, ba zuciya, ruwa kawai take zuƙa ta hujin nan. Wannan ƙashinta ne." Ya tsoma wani a kwanon ruwa, ya matse a hankali. "Kuma ba a tumɓuke ta. Yanka ake yi, a bar gindin a jikin dutse ta sake tohowa."

"Da gawa zan cuɗa ɗana?" Ta yar da na hannunta, ta goge hannu, ta sayi na roba.

Tsohon ya ɗauki soson, yana kakkaɓe masa ƙasa yana tari. Shi ya bar wa dabbar da ba ta da zuciya abin tohowa. Masu jirgin ruwan da ya yi wa aikin nutso kuwa, da zuciyarsu da komai, tumɓuke shi suka yi.